GLOBOTRUNCANA: SIFFAR KWANSONTA DA TSAWON ZAMANINTA A CIKIN DUWATSU

1.0 GABATARWA

Hausawa kan ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata halittar teku wadda girmanta bai wuce na ƙwayar rairayi ba, kuma rabon duniya da ita yau shekaru miliyan 66 ke nan. Masana suna kiran danginta Globotruncana. Babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin ta da rai. Abin da ta bari kurum shi ne ɗan kwansonta, wanda ya nutse zuwa ƙasan teku, laka ta binne shi, ita lakar kuwa da tafiya ta yi tafiya ta daskare ta zama dutse. Duk da haka, irin wannan kwanso ne masu haƙar man fetur suke dubawa su gane shekarun dutsen da suka huda. Bugu da ƙari, ɓacewarsa farat ɗaya daga cikin duwatsun wani kwazazzabo a ƙasar Italiya ita ce ta sa masana a kan hanyar gano musabbabin wata gagarumar halaka da ta taɓa auka wa duniya.

Abubuwa biyu za mu duba. Na farko shi ne siffar kwanson, watau yadda aka gina shi da yadda ake bambanta shi da na 'yan'uwansa. Na biyu shi ne tsawon zamaninsa, watau inda ya fara bayyana a cikin duwatsu da inda ya tsaya. Mai karatu zai ga cewa ɗaya ba ya amfani sai da ɗaya, domin sai an shaida kwanso sa'an nan zai iya faɗin zamani.

2.0 ASALINTA

Globotruncana tana cikin wani babban rukuni na halittu da ake kira foraminifera. Wannan suna daga Latin aka samo shi, ma'anarsa kuwa ita ce masu ɗauke da huda. Wani masani Bafaranshe mai suna Alcide d'Orbigny ne ya raɗa shi a 1826, yana zaton ƙananan dabbobi ne masu kai da gaɓoɓi. A 1835 wani Bafaranshen, Félix Dujardin, ya nuna cewa ba haka abin yake ba, jikinsu ɗan curin majina ne kawai marar gaɓoɓi. A yau an san cewa kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak. Ita wannan ƙwaya takan gina wa kanta kwanso, ta riƙa miƙo waɗansu siraran zarurruka waje kamar saƙar gizo-gizo, da su take kama abinci.

Foraminifera kashi biyu ne. Akwai mazauna ƙasan teku, waɗanda su ne suka fi yawa, suka kuma fi daɗewa, gama sun haura shekaru miliyan 500 a duniya. Akwai kuma masu shawagi a cikin ruwa, waɗanda ba su da ikon iyo, sai inda igiyar ruwa ta kai su. Waɗannan sun bayyana ne daga baya, kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce, kuma iri kusan 50 daga cikinsu suna nan da rai a tekunan duniya. Idan suka mutu, kwansunansu sukan yi ta zuba ƙasa kamar yayyafi. Masu bincike na jirgin ruwan Ingila mai suna Challenger, wanda ya kewaya duniya daga 1872 zuwa 1876, sun tarar cewa wurare masu faɗin gaske na ƙasan teku a lulluɓe suke da laka wadda yawancinta waɗannan kwansuna ne.

Globotruncana tana cikin kashi na biyu, watau masu shawagi. Wani Ba'amurke, Joseph Cushman, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan nazarin foraminifera, shi ne ya ba ta wannan suna a 1927. Irin da ya ɗauka ya zama abin misali ga dangin duka shi ne Globotruncana arca, wanda ya bayyana siffarsa a 1926 daga duwatsun ƙasar Meziko. A nan ya kamata mai karatu ya lura cewa kalmar farko ta irin wannan suna ta dangi ce, ta biyu kuwa ta iri ce, kamar dai yadda akan haɗa sunan gida da sunan yanka.

3.0 SIFFAR KWANSO

3.1 Ɗakuna da naɗi

Kwanson Globotruncana da sinadarin farar ƙasa aka gina shi, irin wanda ke cikin alli da ɓawon ƙwai. Faɗinsa kimanin rabin milimita ne. Ba a rana ɗaya ake gina shi ba. Halittar takan fara da ɗan ɗaki guda, idan ta ƙara girma sai ta ƙara wani ɗakin da ya ɗara na farko, ta bar 'yar ƙofa a tsakaninsu, haka har ta girma. Ɗakunan a naɗe suke jeruwa, kamar yadda mai saƙar faifai take farawa daga tsakiya tana kewayawa, sai dai naɗin yana ɗan gangarawa ƙasa kamar na katantanwa. Yakan kai zagaye biyu da rabi ko uku, a zagayen ƙarshe kuwa galibi akan sami ɗakuna biyar zuwa takwas.

Saboda wannan gangarawa, kwanson yana da fuska biyu mabambanta. A fuskar sama ana ganin dukkan ɗakunan tun daga na farko. Layin da ya raba ɗaki da ɗaki, wanda za mu kira ɗinki, a lanƙwashe yake, ya ɗan tashi sama, sau da yawa kuma yana da ƙuraje a jere kamar 'ya'yan carbi. A fuskar ƙasa kuwa ɗakunan zagayen ƙarshe kaɗai ake gani, sun kewaye wani rami mai faɗi da masana suke kira cibiya. Bakin kwanson a cikin wannan cibiya yake buɗewa, kuma waɗansu siraran faya-faye sun yi mata rumfa, da 'yan kafofi a jikinsu. Da yake rumfar ba ta da ƙwari, a yawancin kwansunan da ake samu ta riga ta karye.

3.2 Kalmasa biyu

Babbar alamar da ake shaida Globotruncana da ita tana gefe. Idan aka tsayar da kwanson aka dube shi ta gefensa, ba za a gan shi a mulmule ba. Za a ga kamar an sa wuƙa an datse shi, aka bar wani siririn bango a miƙe, da tudu mai kauri a samansa da wani a ƙasansa. Turawa suna kwatanta irin wannan tudu da ƙashin bayan jirgin ruwa, amma a nan za mu kira shi kalmasa, domin ya yi kama da kalmasar bakin riga. Jikin ɗakunan cike yake da ƙananan huda, amma kalmasar da bangon da ke tsakaninsu ba su da huda. Wannan datsewa ita ce asalin sunan, gama ɓangarensa na farko yana nufin dunƙule, na biyu kuma yana nufin datsattse.

3.3 Bambancin iri-iri

Da tsayin fuskokin nan biyu, da tazarar da ke tsakanin kalmasa da kalmasa, da yawan ɗakuna ake rarrabe iri daga iri. Ga misalai huɗu:

Globotruncana linneiana: sama da ƙasa duk a shafe suke, kalmasar biyu sun yi nesa da juna, saboda haka ta gefe kamar akwati take.

Globotruncana arca: sama da ƙasa duk sun yi tozo, bangon da ke tsakanin kalmasar kuma ya karkata wajen cibiya.

Globotruncana ventricosa: samanta a shafe, ƙasanta ya yi tumbi kamar ƙwarya da aka rufe da faifai.

Globotruncana aegyptiaca: an fara bayyana ta a 1950 daga duwatsun Masar, ɗakunan zagayenta na ƙarshe ba su da yawa, uku ne zuwa biyar, kuma sun fito fili kamar ganyen fure.

Akwai kuma dangogi makusanta waɗanda da can ake lissafa su a cikin Globotruncana, daga baya aka ware su. Alal misali, Globotruncanita kalmasa ɗaya gare ta, Contusotruncana kuwa fuskarta ta sama takan yi tsini kamar malfa.

3.4 Yadda ake ganin su

Idan dutsen mai taushi ne, akan jiƙa shi har ya narke, a wanke a rariya mai ƙananan idanu, a shanya abin da ya rage, sa'an nan a baza shi a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, a riƙa tsintar kwansunan da jiƙaƙƙen tsinken gashi. Idan kuwa mai tauri ne, akan yanko falle a manna shi a gilashi, a goge shi har haske ya iya ratsa shi. A cikin irin wannan falle, kalmasar nan biyu sukan fito kamar kusurwoyin akwati, kuma da su gwani yake shaida abin da ke gabansa.

4.0 TSAWON ZAMANINTA

Kafin mu faɗi zamanin Globotruncana, ya kamata mu san yadda ake karanta zamani a jikin dutse. Ka'idoji biyu ne ginshiƙai. Ta farko Nicolas Steno ne ya bayyana ta a 1669: idan laka ta kwanta shimfiɗa a kan shimfiɗa, kuma babu abin da ya birkita ta, to, ta ƙasa ta girmi ta sama. Ta biyu ta fito ne daga aikin William Smith, wanda ya buga taswirar duwatsun Ingila a 1815. Shi ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da nata burbushin halittu, kuma jerinsu ba ya sauyawa daga wuri zuwa wuri. Irin da ya ƙare ba ya dawowa. A ƙarni na 20 aka sami hanyar auna shekarun waɗansu duwatsu, musamman tokar aman wuta da ke tsakanin shimfiɗu, ta haka aka sa wa jerin lambobi.

Globotruncana ta rayu a ƙarshen zamanin da ake kira Kiretashiyos, watau zamanin alli, wanda ya ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce. Matakai uku na ƙarshe na wannan zamani su ne nata. Ta fara bayyana a wajejen matakin Santoniyan, kimanin shekaru miliyan 86 da suka wuce. Ta yaɗu ta yi rassa a matakin Kamfaniyan, wanda ya ɗauki daga wajen miliyan 84 zuwa miliyan 72. Ta ci gaba a matakin Mastirishiyan, daga miliyan 72 zuwa miliyan 66, a nan ta tsaya. Ashe ke nan dangin ya yi kimanin shekaru miliyan 20 a duniya.

Amma ba dukkan iri-irinta ne suka taso tare ba, kuma a nan amfaninta yake. Linneiana da arca suna cikin na farko. Ventricosa ta yawaita a tsakiyar Kamfaniyan, aegyptiaca kuwa sai a ƙarshensa ta fito. Daga cikin makusanta, akwai Radotruncana calcarata, mai ƙaya guda a kowane ɗaki, wadda ta yi ɗan gajeren zamani a ƙarshen Kamfaniyan ta wuce, da kuma Abathomphalus mayaroensis, wadda aka fara samu a tsibirin Tirinidad, kuma ganin ta alama ce ta ƙarshen Mastirishiyan. Da fitowar wannan da ɓacewar wancan masana suka yanka zamanin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da sunan irin da ya shahara a cikinta. Abin ya yi kama da mai tonon tsohon kango da ya tsinci kuɗi: in wuri ya samu ya san zamani ɗaya ne, in anini ne ko sule ya san wani zamanin ne daban.

Dalilai uku ne suka sa waɗannan kwansuna suka dace da wannan aiki. Na ɗaya, igiyar ruwa ta baza su, har ana samun iri guda a Meziko da Italiya da Masar da ƙasan tekun Fasifik. Na biyu, siffarsu tana saurin sauyawa. Na uku, ƙanana ne kuma suna da yawa, ta yadda bakin injin haƙa rijiyar mai, wanda yake niƙe manyan ƙasusuwa, su ba ya lalata su duka. Cikin tafin hannu guda na tsakuwar da ta fito daga rijiya ana iya samun su birjik.

Sai dai akwai tarko. Ruwa yakan zaizaye tsohon dutse ya kwashi kwansunan ya zuba su cikin sabuwar laka. Ita kanta linneiana, a cikin rairayin bakin teku na ƙasar Kyuba d'Orbigny ya same ta, ya bayyana ta a 1839, alhali kuwa daga tsofaffin duwatsu ruwa ya wanko ta. Don haka gwani ba ya yanke hukunci da ƙwaya ɗaya. Sai ya duba ko ta goge ko ta sauya launi, ya kuma duba abokan zamanta.

5.0 MAZAUNINTA

Kwanso yana faɗin wuri kamar yadda yake faɗin lokaci. Sinadarin oksijin da ke cikinsa iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi, kuma yawan kowanne ya danganta da ɗumin ruwan da aka gina kwanson a ciki. Awon da aka yi ya nuna cewa masu kalmasa galibi ba a fuskar ruwa suka zauna ba, sun fi zama can ƙasa kaɗan, inda ruwan ɗumi na sama yake haɗuwa da mai sanyi. Sun fi yawa a tekuna masu zurfi na yankuna masu zafi, musamman tsohon tekun nan da ake kira Tetis, wanda ya raba Afirka da Turai da Asiya a wancan zamani.

Wani reshe na wannan teku ya taɓa ratso Sahara har ya iso inda ƙasar Sakkwato take a yau. Duwatsun Dukamaje sa'o'in Globotruncana ne, na matakin Mastirishiyan, kuma a irinsu aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa da aka sa wa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. Amma da yake wannan reshe ba shi da zurfi, foraminifera mazauna ƙasan ruwa ne suka mamaye shi. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake haƙa ana yin siminti da ita, ta kwanta ne daga baya, lokacin da Globotruncana ta riga ta ƙare.

6.0 ƘARSHENTA

To, yaya ta ƙare? Amsar ta fara fitowa ne daga garin Gubbio da ke tsakiyar Italiya. A bayan garin akwai wani kwazazzabo mai suna Bottaccione, inda lakar tsohon tekun Tetis ta zama dutsen farar ƙasa mai ruwan hoda, shimfiɗa bisa shimfiɗa. A 1964 masana biyu, Hanspeter Luterbacher da Isabella Premoli Silva, suka bayyana abin da suka gani a wurin. Shimfiɗun ƙasa cike suke da Globotruncana da makusantanta, manya har ana ganin su da ɗan madubin hannu. Sai wani siririn layin yumɓu, kaurinsa kamar santimita ɗaya. A samansa kuwa manyan nan duk sun ɓace, sai waɗansu 'yan mitsi-mitsi masu sauƙin gini, marasa kalmasa, waɗanda faɗinsu bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Suka sa wa ɗaya daga cikinsu suna eugubina, daga tsohon sunan garin.

A shekarun 1970 wani masanin duwatsu Ba'amurke, Walter Alvarez, ya zo aiki wurin, Premoli Silva ta nuna masa yadda ake gane wannan iyaka. Tambayar da ta dame shi ita ce, shekaru nawa yumɓun ya ɗauka yana kwanciya? Mahaifinsa, Luis Alvarez, wanda ya sami lambar Nobel a 1968, ya ba da shawara a auna wani ƙarfe mai suna iridiyam. Wannan ƙarfe yana da ƙaranci ƙwarai a ɓawon duniya, amma yana saukowa a hankali tare da ƙurar sararin samaniya, saboda haka yawansa zai iya zama ma'aunin lokaci. Frank Asaro da Helen Michel suka yi awon, sai aka tarar iridiyam ɗin yumɓun ya ninka na duwatsun kewaye kamar sau 30. A wani wuri a ƙasar Denmak ninkin ya kai kamar sau 160. A 1980 su huɗun suka buga sakamakonsu, suka ce wani dutse mai faɗin kimanin kilomita 10 ne ya faɗo daga sararin samaniya, ƙurarsa ta rufe rana, tsirrai na tudu da na ruwa suka kasa yin abinci, yunwa ta bi ta kan sauran halittu.

Masana da yawa ba su yarda nan take ba. Waɗansu, irin su Gerta Keller, sun kafa hujja da aman wutar da aka yi ta yi a yankin Dekan na Indiya a daidai wannan zamani, suna ganin halakar a hankali ta zo. A 1991 aka ba da sanarwar gano ramin da dutsen ya yi, a binne a ƙarƙashin yankin Yukatan na Meziko, kusa da garin Chicxulub, faɗinsa kimanin kilomita 180. A wannan shekara kuma aka amince da wani wuri kusa da garin El Kef na Tunisiya ya zama ma'aunin wannan iyaka ga duniya duka. A yau mafi yawan masana sun tafi a kan cewa faɗowar dutsen ce babban musabbabi.

Kimanin kashi uku cikin huɗu na iri-irin halittun duniya suka ƙare a lokacin, har da manyan dabbobin nan da ake kira dainaso, ban da reshensu da ya zama tsuntsaye. A cikin foraminifera masu shawagi, fiye da kashi 90 cikin 100 suka tafi, kuma babu mai kalmasa ko ɗaya da ta tsira. Waɗanda suka kuɓuta 'yan ƙanana ne marasa ado, irin su Guembelitria cretacea, waɗanda suka saba da zaman bakin gaɓa da sauye-sauyen ruwa. Daga irin waɗannan tsirarun ne masu shawagin zamanin da ya biyo baya suka tsiro. Bayan 'yan miliyoyin shekaru kalmasa ta sake bayyana a dangin Morozovella, daga baya kuma a dangin Globorotalia da ke raye har yau, amma kalmasa ɗaya ce, kuma ba jikokin Globotruncana ba ne.

7.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa ana shaida Globotruncana da naɗaɗɗun ɗakuna, da faffaɗar cibiya mai rumfa, da kalmasa biyu a datsattsen gefe. Mun ga kuma cewa ta rayu daga kimanin shekaru miliyan 86 zuwa miliyan 66 da suka wuce, iri yana bin iri. Wanda ya iya rarrabe akwatin linneiana da tumbin ventricosa zai iya ɗaukar tsakuwa daga rijiya mai zurfi ya faɗi matakin da ta fito. Da kuma ba a san siffar waɗannan kwansuna filla-filla ba, da babu wanda zai tsaya a kan layin yumɓu mai kaurin ɗan yatsa a Gubbio, balle ya aika da shi awo. Manyan ƙasusuwan dainaso jefi-jefi ake samun su, ba su isa su nuna ko halakar farat ɗaya ta zo ko a hankali ba. 'Yan kwansunan nan da ke cikin kowace shimfiɗa su ne suka nuna daidai inda zamani ɗaya ya tsaya, wani ya fara.